Tambayoyinku: Alƙawarin Gem, Wutar NEPA Da Yara Huɗu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Zariya, yarana huɗu: maza biyu, mai shekara 14 da mai 11, sai mace mai 9, sai auta mai 5. Bara na yi suɓul da baka na ce wa babban idan ya sauke Alƙur'ani zan saya masa gem. To ga shi Allah ya nufa, watan gobe walima, yaro kuma bai manta ba. Shi PS5 (PlayStation 5) yake so, wai shi ake yayi. Na je kasuwa na ji kuɗinsa, na fito ina salati. Wani mai shago ya nuna mini PS4 na hannu, ya ce an loda masa wasanni goma sha biyar, ba sai na sayi faifai ba. Abokin aikina kuma ya ce ƙaramin Xbox ya fi araha. Uwargida ba ta son ko ɗaya, ta ce karatu ne zai lalace. Wutar unguwarmu sai a hankali, amma muna da 'yar sola mai ɗaukar fitilu da fanka da talabijin. Wanne zan saya wanda dukansu za su mora, ba babban kaɗai ba?

— Wani uba daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a saukar, ya sa ya yi aiki da abin da ya karanta. Alƙawari kuwa kaya ne, tunda ka ɗauka sai ka sauke.

Ba zan ja ka da nisa ba. Da ni ne a gidanka, da wannan wutar da wannan solar, PS4 Slim, wato siririn samfurin PS4, zan saya, wanda ba a taɓa yi wa kutse ba, da fad (abin da ake riƙewa a hannu ana buga wasan) aƙalla uku, da faifai biyu ko uku da ni kaina na zaɓa. Ga dalilaina.

PS5 ya fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499, mai ramin faifai ke nan. A da, idan na'urar gem ta shekara uku huɗu a kasuwa kuɗinta sauka yake yi. Wannan karon abin ya juya: a 2025 ma kamfanin Sony mai ƙera shi ƙara dala 50 ya yi a Amurka, sannan ka ɗora canjin naira da ribar mai shago. Me za ka samu da wannan kuɗin? Hoto mai kyau ƙwarai, amma sai a talabijin mai 4K. Idan taka irin ta yawancin gidajenmu ce, inci 32 ko 43 ta gama-gari, rabin abin da ka biya idonka ba zai taɓa ganinsa ba. Sannan ga ci. PS5 yana jan wajen wat 200 idan wasa ya yi zafi, PS4 Slim bai kai rabin haka ba. Ka haɗa da talabijin, ka bar yara su buga awa biyu bayan isha'i, batirin solarka zai gaya maka gaskiya da ƙarfe biyun dare, lokacin da fanka ta tsaya a watan Afrilu. A ranar za ka ji ra'ayin uwargida a kan gem ɗin dalla-dalla.

Ka tambayi babban me yake bugawa idan ya saci jiki ya tafi gidan gem na unguwa. Na yi imani ƙwallo zai ce maka. Wasan da duk muka sani da FIFA ya canja suna tun 2023, bayan kamfanin EA ya rabu da hukumar ƙwallon, yanzu EA Sports FC ake kiransa, kuma FC 24 da FC 25 da FC 26 duk sun fito a PS4. Wato Madrid da Barcelonan da yake so su kara, za su kara. PS4 ya fito tun 2013, Slim ɗin a 2016, an sayar da fiye da miliyan 100 a duniya. Amfanin haka gare ka shi ne kayansa sun cika kasuwa: fad, waya, faifai na hannu, da masu gyara da suka buɗe shi sau ba adadi. Ba zan ɓoye maka ba, tsufa ya kama shi, manyan sababbin wasanni sun daina zuwa masa. Amma yaran da ba su taɓa mallakar gem ba, abin da ke kansa kaɗai ya ishe su shekaru. Idan Allah ya buɗa nan gaba ka sayi PS5 mai ramin faifai, kusan duk faifan PS4 da ka tara za su yi aiki a kansa.

Abokin aikinka bai yi ƙarya ba. Xbox Series S a kan dala 299 ya fito, kuma ya fi PS4 ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai ka juya shi ta ko'ina, ba za ka ga ramin faifai ba. Komai sai an sauke ta intanet. Wasan ƙwallo kaɗai yana cin gigabait 40 zuwa 50, wasu na harbi sun haura 100, shi kuma rumbun na'urar ta farko gigabait 512 ne, ba ma duka ne naka ba. Daɗin Xbox yana cikin Game Pass, tsarin da ake biya duk wata a buɗe maka ɗaruruwan wasanni, da kuɗin waje. Mai intanet na gida marar iyaka, shi wannan ya dace da shi. Kai da za ka riƙa haɗa shi da datar wayarka, arahar farko za ta fita ta hanci. Faifai kuwa dukiya ne: yaro ya gama, ya yi musaya da abokinsa, ko ka mayar wa mai shago ka cika kuɗi kaɗan ka karɓi wani. Wannan gargaɗin ya shafi PS5 marar rami da kuma PS5 Pro na 2024, wanda shi ma sai ka sayi ramin daban.

Yanzu ga maganar mai shagon nan da wasanninsa goma sha biyar, kuma nan ne na fi son ka tsaya da ni.

Hanya biyu ake “loda” gem. Ta farko, a yi wa manhajar na'urar kutse a zuba wasannin da aka kwafa ba bisa ƙa'ida ba. Irin wannan yana aiki ne muddin na'urar na kan tsohuwar manhaja. Ranar da mai shekara 11 ya ga saƙo a allo ya danna amincewa, ta sabunta kanta, wasannin sun kulle, sai ka koma shago ka ji abin da za a ce maka. Ta biyu, mai shagon ya sa asusunsa a na'urarka, wasannin nasa ne kake ara. Duk ranar da ya cire na'urarka daga asusun don ya sa ta wani, za ka ga ɗan kwaɗo a jikin kowane wasa. A duka biyun ba ka mallaki komai ba, ga kuma batun haƙƙin masu abin, wanda bai kamata ya shiga kyautar sauka ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne su wane ne wasannin. Ka ce ya nuna maka jerin. Zan yi mamaki idan babu GTA V a ciki, da Mortal Kombat, da God of War, da Call of Duty, domin su matasa ke tambaya. A ma'aunin Turai, kusan dukansu na 'yan shekara 18 ne zuwa sama. GTA V, wanda ya fito a 2013, yara suna kiransa wasan mota, iyaye kuma su leƙo su ga mota na gudu su wuce. Ba wasan mota ba ne. Labarin 'yan fashi ne, akwai ashar a kusan kowace jimla, akwai gidan rawar tsiraici da ake shiga, akwai wurin da mai wasan ne da hannunsa zai azabtar da mutum. Mortal Kombat kuwa ana ƙare faɗa ne da tsinke kai ko farke ciki, a nuna a hankali. Na sha tsayawa a gidajen gem in ga yaran da ba su kai goma ba sun yi layi a kan benci suna jiran a zo kansu.

Gane wannan ba ya buƙatar Turanci. Ka ɗauki kwalin faifan ka duba kusurwar ƙasa ta hagu. Idan na Turai ne za ka ga lamba a cikin ɗan akwati: 3 da 7 kore ne, 12 da 16 ruwan lemo, 18 ja. Wannan shi ne tsarin PEGI. Idan na Amurka ne harafi za ka gani: E na kowa, E10+ na 'yan goma zuwa sama, T na matasa, M na 'yan 17 zuwa sama. Ja ko M, ka ajiye. Ka kuma sani da ma'aunin can aka auna, wani mai lamba 12 ma za ka iya ganin shigar da ba za ka so a falonka ba, don haka ka zauna ka kalli minti goma na farko da kanka.

Ka ce kana son wanda duka yaran za su mora. Gaskiya idan don mai shekara 9 da auta ne kaɗai, Nintendo Switch ya fi kowa. An yi shi tun 2017, yana hawa talabijin, kana kuma zare shi ka riƙe a hannu. Batiri gare shi, samfurin 2019 da mai allon OLED suna yin awa huɗu da rabi zuwa tara, ya danganta da wasan. Idan an ɗauke wuta ana tsaka da wasa, ba abin da ya lalace, a zare a ci gaba. Cinsa bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ko biyu ba. Hannayensa biyu suna cirewa su zama fad biyu, Mario Kart kuma mutum huɗu ke bugawa a allo ɗaya, har da saitin da ke taimaka wa ƙaramin yaro kada motarsa ta riƙa faɗawa rami. Ba a samun Mario a PlayStation ko Xbox.

Abin da ya hana ni cewa ka saye shi: katunan wasanninsa suna da tsada kuma ba su cika sauka ba, na hannu ba su yawaita a kasuwanninmu kamar faifan PS4 ba, sandar fad ɗinsa ta yi ƙaurin suna wajen tafiya da kanta ba a taɓa ta ba, masu gyaransa kuma sai an nema. Sannan abin da ake riƙewa a hannu yana shiga ƙarƙashin bargo da tsakar dare. Uwa uba, alƙawarin na babban ne, kuma ɗan shekara 14 da ya sa ran PS, ka miƙa masa Switch, zai yi godiya ne kawai don tarbiyya. In ka ga wani ƙarami mai araha da ake kira Switch Lite, ba ya hawa talabijin sam, na mutum ɗaya ne. Switch 2 kuma da ya fito a Yunin 2025 a kan kusan dala 450, ya shiga sahun PS5 a tsada.

Saboda haka adalcin ba a na'urar yake ba, a faifai da fad yake. Ƙwallo na manyan. Sai ka nemo Crash Team Racing, tseren ƙananan motoci na mutum huɗu, ko Minecraft na gine-gine, ko ɗaya daga wasannin LEGO da ake bugawa biyu-biyu. PS4 yana ɗaukar fad huɗu. Ka sayi ɗaya mai launi daban ka damƙa wa 'yarka a gaban yayyenta, ka ce nata ne. In ba haka ba, abin da na saba gani shi ne mazan su riƙe fad, ita ta zama mai miƙo ruwa.

Ranar saye ka tafi da wanda ya san abin, ba yaron ba, domin shi da ya ga an kunna ya gama yarda. Kada ka biya sai an buga wasa mai nauyi na kamar rabin awa a gabanka. Ka kasa kunne: fanka mai kyau shuu take yi a hankali, wadda ƙura ta toshe kuwa sai ka ji kamar jirgi zai tashi. Ka sa faifai ka cire sau uku. Ka ɗan motsa wayar HDMI, mai kai hoto talabijin, a bayanta, idan hoto ya ɗauke ramin ya saki. Ka duba 'yan takardun da aka manna a kan sukurori na baya, idan an ɓare an taɓa buɗe ta, sai ka tambayi dalili. Ka ajiye fad a tebur ba ka taɓa ba ka kalli allo, idan ɗan wasan yana tafiya shi kaɗai, sandar ta gaji. Ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka a gwada shiga asusu, domin akwai waɗanda Sony ya toshe har abada. Daga ƙarshe a goge komai a mayar da ita kamar sabuwa, a rubuta maka rasit da lambar da ke jikinta da kwanakin gwaji.

A gida, wuta ce babbar abokiyar gabarta. Idan ta ɗauke na'urar na tsaka da adana wasa, bayanan kan lalace, wani lokaci har rumbun. Ka jona ta a layin sola kai tsaye, ko ka saya mata ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe na'ura na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta. Ka koya wa yara su kashe ta ɗungurungum, kada su bar ta tana barci da fitila ruwan lemo, kuma a zare ta kafin a tada janareta. Sony ya ce kada zafin wurin ya wuce digiri 35, kai kuwa ka san bazara. Kada a sa ta cikin kabad mai gilashi, kada a ajiye ta a kan kafet, kada a rufe ta da ƙyalle tana aiki. Bayan ta huce a rufe, saboda ƙurar hunturu da kyankyaso, wanda ke son ɗumin cikin PS4 kamar don shi aka yi.

Uwargida kuwa tana da gaskiya, kada ka yi mata gardama, ka ba ta mulkin abin. A cikin saitin PS4 akwai sashen kula da iyali. Kai ko ita ku buɗe babban asusu, kowane yaro a buɗe masa nasa a ƙarƙashi da shekarunsa na gaskiya. Daga nan za ku iya sa awa nawa a rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, da lambar shekarun da ba za a wuce ba, lokaci na cika na'urar da kanta za ta fitar da shi. Lambar sirrin ta zauna a hannunta. Damuwarta ba ta 'yan ƙauye ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ƙasar Sin kuma a 2021 ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu. Ku yanke dokarku kafin a buɗe kwali: a falo za ta zauna, ba a ranar makaranta ba, ana kiran salla an ajiye fad ko da fenariti ake bugawa. Shi mai saukar kuma a ɗaura masa tilawarsa a jiki, ya kawo hizbinsa na ranar kafin ya karɓi fad.

Tambaya: Malam, ƙanena da ke Amurka zai zo hutu, ya ce zai kawo wa yarana PS5. An ce mini kayan can ba sa jituwa da wutarmu. Gaskiya ne?

— Wata uwa daga Kaduna

Amsa: Hajiya, wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, don haka tsoron yana da tushe. Amma ki duba rubutun da ke jikin na'urar kusa da inda ake sa waya. Idan kin ga 100–240V, za ta yi aiki a nan, waya mai kai irin namu kawai za ki saya, kada a tura na can cikin soket da murfin biro. Ki gaya masa tun kafin ya taso ya sayi mai ramin faifai, ya haɗo da fad na biyu, domin ɗaya ne a kwali. Faifan PS5 na kowace ƙasa yana aiki a kowace na'ura. Inda ake tuntuɓe shi ne asusu: babu Najeriya a jerin ƙasashen shagon PlayStation, kuma ƙasar da aka zaɓa ranar farko ba ta canjuwa. Tunda shi yana can, ya buɗe na Amurka da kansa, ya sa yaran a ƙarƙashinsa. Duk katin kuɗin da za a saya nan gaba dole ya zama na Amurka, na Ingila ba zai shiga ba.

Tambaya: Ƙanena mai shekara 15 ya ishe ni da roƙon kuɗi, wai zai buɗe “fak” a wasan ƙwallo ya samu manyan 'yan wasa. Mene ne wannan, kuma in ba shi?

— Wani yaya daga Gusau

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ba shi. A cikin FC akwai sashen da ake kira Ultimate Team, inda mutum ke harhaɗa ƙungiyarsa da katunan 'yan wasa. Ana sayen maki da kuɗi na gaske, a sayi ƙunshin katuna a rufe, sai an buɗe a ga abin da ke ciki. Galibi 'yan wasan da ba wanda ya damu da su ne ke fitowa, babban tauraro sai an yi dace, shi ya sa wanda ya buɗe ɗaya yake son na biyu. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan caca ne a 2018, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin a ƙasar. Hukuncin shari'a na malamai ne, ka kai musu da wannan bayanin yadda yake. Ka kuma tuna masa cewa idan sabon FC ya fito baɗi, ƙungiyar da ya kashe wa kuɗi ba ta binsa, daga farko zai soma. Ka shiga saitin iyali ka mayar da kuɗin da zai iya kashewa a wata zuwa sifili, idan kuma ka taɓa sa katin bankinka a na'urar, ka cire shi yau.